Yadda Za Ka Gane Asibitin Haƙori Mai Tsafta da Inganci a Kaduna Kafin Ka Buɗe Baki

Duk wanda haƙori ya taɓa hana shi barci ya san yadda gari ke waye masa. Ba ya neman shawara, ba ya tambayar farashi. Duk wanda aka nuna masa aka ce yana cirewa, zai zauna ya buɗe baki. A irin wannan hali na raka goggona wani ɗan shago da ke bayan layinmu a Tudun Wada, 'yan shekarun baya. Ina kallo mutumin ya tsamo abin cire haƙori daga wani kwanon silba mai ruwa fari-fari, ya yarfe shi, ya goge da tawul ɗin da ke rataye a kafaɗarsa. Wanda ya tashi daga kujerar kafin mu ko bakin titi bai kai ba, audugarsa mai jini tana nan yashe a ƙasa. Raina bai kwanta da abin ba, amma goggo na dafe da kumatu tana cewa, "Kai dai bar shi ya cire in huta, ɗan nan." Na yi shiru. Kwana uku da yin haka fuskarta ta haye har ƙarƙashin haɓa, ko ruwa da ƙyar take haɗiya, sai da ta yi mako guda kwance a babban asibiti. Tun daga ranar ban ƙara yin shiru a ɗakin haƙori ba, na kuma bi na koyi abin da ya kamata mutum ya duba. Shi ne zan shimfiɗa a nan, daga fita gida har a dawo.

Tun kana gida

Mataki na farko shi ne ka san inda za ka je tun haƙorin bai tayar ba. A cikin gari akwai sashen haƙori a manyan asibitocin gwamnati irin su Barau Dikko da asibitin sojoji na 44, ga kuma asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a Zariya, inda ake tura manyan ayyukan muƙamuƙi da fuska. Masu zaman kansu ma suna nan birjik, daga Unguwar Rimi zuwa Barnawa, akwai nagari ƙwarai a cikinsu, akwai kuma waɗanda sai a hankali. In za ka tambayi maƙwabci, kada tambayarka ta tsaya ga "nawa ya karɓa?" Ka ce masa, "A gabanka ya buɗe kayan aikin? Ya auna jininka kafin ya taɓa ka?"

Ranar tafiya ka tattara duk maganin da kake sha, da kwalayensu, ka zuba a leda ka tafi da su, har da na gargajiya. Ka ci abinci, musamman in kana da ciwon suga, domin allurar kashe zafin haƙori ba ta bukatar a zo da yunwa, kuma bayan aiki za ka ɗau sa'o'i ba ka iya tauna ba. In da hali ka tafi da wani naka. Mai ciwo ba ya gani sosai, ɗan rakiya ne idonsa.

Kada ka zuba wa kogon haƙori ruwan batir ko fetur, kada ka danna ƙwayar asfirin a jikin dasashi. Duk ƙona nama suke yi, su ƙara wa likita aiki. Kanumfari yana lafar da zugi na ɗan lokaci, amma ba ya warkar da ruɓa.

Wa zai sa hannu a bakinka

Da ka shiga, kafin ka yanki kati, ɗaga kai ka dubi bango. Asibiti mai zaman kansa yana da takardar rajista daga Ma'aikatar Lafiya ta jiha, kuma masu gaskiya rataye ta suke yi inda kowa zai gani. Shi kuma likitan haƙori, hukumar da ke yi wa likitoci rajista a Nijeriya, wato MDCN, ita ke ba shi lasisin aiki, kuma duk shekara ake sabunta shi. Don haka ba sunan da ke jikin takardar kaɗai za ka duba ba, ka duba shekarar.

Ba duk mai farar riga ne likita ba, kuma wannan ba aibi ba ne, kowa da gurbinsa. Akwai ma'aikatan da suka karanci wankin haƙori da koyar da tsaftar baki, akwai masu haɗa haƙorin roba a ɗakin haɗi, akwai masu taya likita miƙa kaya da tsaftace su. Duk suna da hukumomin da ke yi musu rajista. Inda matsala take shi ne mai haɗa haƙorin roba ko yaron asibiti ya koma yana tsaga dasashi yana rubuta magani. Tambaya cikin ladabi ta wadatar: "Ranka ya daɗe, kai ne likitan da zai yi aikin, ko akwai wanda muke jira?" Wanda ya san kansa ba ya jin haushin wannan tambaya.

Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima

In an kira ka ciki, kada ka yi saurin kishingiɗa. Dubi ɗakin. Akwai wurin wanke hannu da ruwa mai gudu da sabulu? An goge kujera da hannun fitilar da ke samanta bayan wanda ya tashi? Ɗan kwanon da ake tofa miyau a gefen kujera, a wanke yake ko akwai jirwayen jinin wani? Kofin kurkure baki sabo ne na yarwa? Ka nemi wani akwati, yawanci ruwan ɗorawa, mai ƙaramin baki, wanda ake jefa allurar da aka yi aiki da ita. In ka ga allurai a kwandon shara tare da bawon lemo, ka riga ka san gidan da ka shigo.

Sai wuta. Kowa ya san halin lantarki a garin nan. Kujerar haƙori da fitilarta da bututun tsotse miyau da injin gurza duk da wuta suke aiki, haka ma tukunyar da ake turara kaya. Ka tambaya ko akwai janareta ko sola, don kada a ɗauke wuta an bar ka da rabin saiwa a muƙamuƙi ana haska bakinka da fitilar waya.

Kayan aiki: nan ne zuciyar maganar

Duk ƙarfen da ya shiga bakin mutum yana fitowa da miyau, galibi har da jini, ko ido bai gani ba. Ta jini ake ɗaukar ciwon hanta nau'in B da na C, da cuta mai karya garkuwar jiki. Mutane sun fi tsoron ta ƙarshen, alhali ƙwayar ciwon hanta nau'in B ta fi ta saurin kamawa nesa ba kusa ba, kuma tana iya rayuwa a busasshen jini a jikin ƙarfe har kwana 7 ko fiye. Mai ɗauke da ita sau da yawa bai ma sani ba, lafiyarsa ƙalau a ido. Shi ya sa ƙa'idar aikin ita ce a ɗauki kowane majiyyaci kamar yana ɗauke da wani abu, a tsaftace kaya iri ɗaya bayan kowa, ko limami ne ko ɗan gidan likitan.

Ga yadda ake yi a inda aka san aiki. Ana fara wanke kayan da burushi da ruwan sabulu a fitar da jini da datti. A shanya su bushe, a zuba a wata leda ta musamman, gefe ɗaya takarda gefe ɗaya roba mai nuna abin da ke ciki, a liƙe bakinta. Sannan a jera su a cikin tukunyar turara kaya, wadda ma'aikata ke kira otokilef. Ita wannan tukunya tana rufe tururi ne ta matse shi har zafinsa ya kai digiri 121 na tsawon minti 15 zuwa 30, ko digiri 134 na minti 3 zuwa 4. Ruwan da ke tafasa a kan risho ba ya wuce digiri 100 komai daɗewarsa, kuma akwai ƙwayoyin cuta masu sulke da ke jure wannan zafin. Dalilin ke nan da ya sa tafasawa ba ta isa ba, balle jiƙawa a ruwan Dettol ko shafa sifirit. Wannan akwatin mai shuɗiyar fitila da kake gani a shagon aski ma, in ka gan shi a asibiti, wurin ajiya ne kawai, ba ya maye gurbin tukunyar.

Abin da kai za ka gani da idonka shi ne ledar. A jikinta akwai wani ɗan tambari da ke sauya launi idan ta sha tururi. Ya kamata a yage ta a gabanka, a bushe take, ba huji, ba a taɓa buɗe ta ba. Wasu asibitocin, musamman na gwamnati masu cunkoso, ba leda suke amfani da ita ba, a rufaffen akwatin ƙarfe ko naɗin ƙyalle suke turara kayan, da wani salatif mai layi-layi da ke yin duhu in ya sha zafi. Wannan ma hanya ce, matuƙar a rufe kayan suke kuma ba da hannu tsirara ake ɗebo su ba. Wanda ba shi da uzuri shi ne ka tarar da kaya a baje a faranti a buɗe tun kafin ka shigo, ba ka san da bakin wa suka gaisa ba.

Ka kuma yi ɗan lissafi. Daga wankewa zuwa turarawa zuwa hucewa, zagaye ɗaya na iya cin kusan awa guda. In layi ya kai mutum ashirin, ana shiga ana fita duk minti goma, to dole wurin ya mallaki kayan aiki saiti-saiti masu yawa. In kuwa ƙarafa uku ne rak kake ganin suna yawo daga famfo zuwa faranti, ba wata tukunya da suke shiga.

Akwai wanda ake yawan mantawa da shi: ɗan injin nan mai kuka da ake gurzar haƙori da shi, da 'yan ƙusoshin da ake ɗaura masa a baki. Shi ma cire shi ake yi a turara bayan kowane mutum, domin yana iya zuƙar miyau zuwa cikinsa. Goge bayansa da auduga bai wadatar ba. Allura, da 'yar kwalbar maganin kashe zafi, da kan bututun tsotse miyau na roba, da safar hannu, duk na mutum ɗaya ne, a yi aiki da su a yar.

Safar hannu kuwa sai ka sa ido. Likita ya wanke hannu, ya sa sabuwa a gabanka, ya rufe hanci da baki da takunkumi. In ya ɗaga waya da ita, ko ya karɓi kuɗi, ko ya murɗa ƙofa, ta tashi aiki, sai wata. Na san nauyin bakinmu a gaban likita, mun taso ana ce mana ba a yi wa babba gyara. To ba gyara za ka yi ba, roƙo ne: "Likita, don Allah a sauya safar, hankalina zai fi kwanciya." Na faɗi haka fiye da sau ɗaya, ban taɓa ganin likitan kirki ya ɓata rai ba. Wata malamar asibiti ma har ta kai ni ta nuna min tukunyarsu da littafin da suke rubuta ranar da aka kunna ta da wanda ya kunna. In kuwa an harare ka, aka ce "in ba ka yarda da mu ba ga hanya nan", to ka bi hanyar. Kuɗin katin da ka yi asara bai kai kuɗin jinyar hanta ba.

Tambayoyin da dole ya yi maka

Likitan da ya ce "buɗe" tun bai tambaye ka komai ba, ya tsallake rabin aikinsa. Kamata ya yi ya tambayi hawan jini, ciwon suga, sikila, asma, gyambon ciki, ciwon zuciya, da ko jini na daɗewa bai tsaya maka ba in ka yanke. Ya tambayi ko akwai maganin da jikinka ba ya so, kamar fenisilin. In mace ce, ya tambayi juna biyu ko shayarwa. Kowace tambaya da dalilinta. Mai gyambon ciki ba a ba shi su ibuprofen da diclofenac kai tsaye. Mai suga da bai daidaita ba, mikinsa na jinkirin warkewa. Mai shan maganin tsinka jini irin su warfarin ko asfirin yana bukatar shiri na daban, kuma kada ya daina sha da kansa don zai cire haƙori, sai da izinin likitan da ya ɗora shi a kai. A auna hawan jininka kafin a cire, ba bayan an cire ba. Kai ma kada ka ɓoye komai don kunya ko don gudun a ɗage maka aiki.

Bayan ya duba, ya gaya maka abin da ya gani da harshen da kake ji, da hanyoyin da ake da su, da kuɗin kowacce. Ba kowane haƙori mai ciwo ne na cirewa ba. Ƙaramin kogo ciko ake yi masa. In ruɓar ta kai jijiya, sau da yawa ana iya wanke jijiyar a cike, haƙorin ya ci gaba da aiki shekaru. Irin wannan aikin, da cire haƙorin can ƙurya da ya fito a karkace, suna bukatar hoton haƙori tukuna. Babban mutum haƙora 32 gare shi, kuma wanda ya fita ba ya dawowa. Iyaye su kula da wannan musamman: turmin farko na dindindin yana fitowa ne yaro na da kimanin shekara 6, a bayan haƙoran yarinta, ba tare da wani ya faɗi ba. Da yawa sukan ɗauka na famfara ne su ce a cire kawai, alhali shi ne zai tauna da shi har tsufa.

Maganar da ake yi cewa cire haƙorin sama na makantar da mutum ba ta da tushe. Ruɓar da aka bari ta yi ƙurji ce ke iya hawa wajen ido.

Jin bayani kafin a taɓa ka, da sanin kuɗi tun farko, da rufa maka asirin ciwonka, da damar ka ce a'a, duk suna cikin kundin haƙƙoƙin majiyyaci da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2018. Ka karɓi rasit a kan duk abin da ka biya. In kana cikin inshorar lafiya ta jiha, KADCHMA, ko ta tarayya, ka tambaya tun a teburin kati wane aikin haƙori ne ta ɗauka, wanne za ka biya daga aljihu.

Ana cikin aiki

Bayan allura ana jira 'yan mintuna har wurin ya yi nauyi, sannan likita ya gwada kafin ya fara. Za ka ji dannawa da girgizawa, amma bai kamata ka ji zafi mai tsini ba. Ku yi yarjejeniya tun farko cewa in ka ɗaga hannu zai dakata. Jiri, ko ƙaiƙayi, ko ƙuncin numfashi, ka nuna nan take. Kada a ce maka "yi haƙuri, namiji ne kai" a ci gaba da ja. In an cire, ka tambaya ko saiwar ta fita duka.

Bayan ka sauka daga kujera

Ka cije audugar da aka sa maka kamar rabin awa, ba magana, ba leƙawa. Gudan jinin da ya daskare a ramin shi ne murfin mikin, duk dokokin ranar farko don kare shi ne. Ranar kada ka kurkure baki da ƙarfi, kada ka riƙa tsartar da miyau, kada ka sa harshe ko tsinke a wurin. Wajen alwala ka ɗan guntsi ruwa ka sunkuya ya zubo da kansa. Ba koko ko shayi mai zafi, ba goro, ba sigari ko shisha. Ka jira nauyin allurar ya sake ka kafin ka ci abu mai laushi, yaro kuma a lura da shi kada ya tauna leɓensa bai sani ba. Washegari ka fara guntsar ruwan ɗumi da rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofi, sau uku ko huɗu a yini.

Maganin kashe ƙwayoyin cuta ba kowace cirewa ke bukatarsa ba. In an rubuta maka, ka sha yadda aka ce. In ba a rubuta ba, kada ka biya kyamis ka haɗa wa kanka Ampiclox da Flagyl.

Kafin ka fita ka karɓi lambar da za ka kira. In jini ya ƙi tsayawa, ka naɗe hankici mai tsafta ka cije minti 20 zuwa 30, in bai tsaya ba ka koma. Zugi mai tsanani da ya taso bayan kwana biyu zuwa huɗu tare da wari, alama ce murfin ya fita, likita zai wanke ya sa magani. Amma kumburin da ke gangarawa ƙarƙashin haɓa ko ya hau wajen ido, da zazzaɓi, da kasa buɗe baki ko haɗiya ko numfashi, wannan ba a kwana da shi a gida. Sashen gaggawa na babban asibiti za a nufa ko ƙarfe nawa ne. Shi ne abin da ya kwantar da goggona.

Duk abin da na faɗa ya hau kan haƙorin Makka da wayar ado da 'yan mata ke ɗaurawa yanzu, da masu faranta haƙori a shagon kwalliya. Wanda zai gurje lafiyayyen haƙori ya liƙa masa hula, ƙarfensa ma yana taɓa jini. Hular da ba ta zauna daidai ba tana tara abinci a ƙarƙashinta, haƙorin ya ruɓe a ɓoye yana ƙyalli a waje.

In an riga an yi ɓarna

In ka tabbata an yi maka aiki da allura ko ƙarfen da aka yi wa wani ba a turara ba, kada ka tsaya jiran alama. Ka je babban asibiti a ranar ka faɗi abin da ya faru. Akwai maganin kariya daga cuta mai karya garkuwar jiki da ake farawa cikin awa 72, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa. Za a gwada ka ciwon hanta, in ba ka da shi kuma ba ka taɓa yin rigakafinsa ba a fara maka. Allura uku ce a cikin wata shida.

Sannan ka kai kuka. Ka fara da shugaban wurin. A asibitin gwamnati ka nemi teburin SERVICOM, inda ake karɓar ƙorafin jama'a, in asibitin kuɗi ne kuma ka rubuta wa Ma'aikatar Lafiya ta jiha, ita ce ke da ikon bincikarsa ko rufe shi. In ƙorafin a kan likita ne mai rajista, MDCN na da kwamitin bincike, kuma tana karɓar ƙorafi ne a rubuce cikin takardar rantsuwa. Ka haɗa da katinka, da rasit, da takardar magani, da hoton kumburin in ka ɗauka, ka rubuta ranar da abin ya faru da sunan wanda ya yi aikin da na wanda ya raka ka.